Ni da Taliyar 'Yan Gudun Fanfalaki

Na tarar da 'yan gudun fanfalaki a wani gidan abinci a unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda muka je fatauci, sirara kamar sillen kara, kowa da tulin taliya a gabansa. Nan take na ce na gano asirin.

Wata guda cur ina narkar taliya. Ina ci ina lumshe ido, ina hango kaina a bakin kogi, tumbi ya tafi, iska na ɗaukata. Gudun kuwa na ɗaga shi sai jiki ya karɓi abincin.

Ranar komawa Kano, wandona ya cije a cinya. Alhaji Sabo, abokin ɗakina, ya ce, "Malam, su fa in sun ci, gudu suke yi."

Har yau ina shiga kasuwa ake cewa, "Ɗan tsere ya iso, a ɗora tukunya!"