Yadda Aka Koya Wa Jatau Tela Ba Da Shaida

A wani gari da ake kira Lallaɓa, can inda mai zana taswira ya gaji ya ajiye alƙalami, babu aikin da ya kai ba da shaida hatsari. Masu haƙar rijiya ma tausayin shaidu suke yi. Dokar garin a rubuce take, kowa ya san ta. Duk wanda ya yi rantsuwa ya ce "na gani", sai a tura shi asibitin ido a tabbatar da lafiyar ganinsa kafin a ci gaba da magana, asibitin kuwa shekara tara ke nan yana jiran likita. Wanda ya ce "na ji" mai yaɗa jita-jita ne, ɗakinsu daban a gidan yari. Wanda ya ce "na sani" kuma, sai a aika a kamo wanda ya sanar da shi.

A wannan gari ne Malam Jatau tela ya rasa kekensa na ɗinki. Wata Talata da hantsi Ofishin Ƙawata Gari ya turo katafila Kasuwar Mun-Gode, domin a share inda za a kafa allon hoton Kantoma, Alhaji Cika-Alkawari. Jatau na tsakiyar ɗinka hannun riga aka ɗauke shi da kujerarsa aka ajiye a bakin titi, cikin girmamawa, don ma'aikatan ofishin suna da tarbiyya. Rumfa ta kwanta, keke ya hau mota zuwa siton majalisa. Rumfar ba ta dami Jatau ba, kara ne da tsohon kwano. Keken ne ya tsaya masa a rai. Gadon ubansa ne, baƙi wuluk, ya ɗinka wa rabin garin kayan suna da na salla, kuma da shi gidan Jatau ke cin tuwo.

Sai ya kai ƙara Hukumar Sauraron Koke Da Haƙurƙurtarwa. Aka sa masa ranar ba da bahasi, wato ranar da zai zauna a gaban magatakarda ya rantse, lauyan majalisa ya yi masa tambayoyi, a rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa. Maƙwabta suka ce kada ya kuskura ya je haka nan, ya nemi Lauya Lurwanu. Shekara ashirin Lurwanu yana wannan aiki, ba a taɓa ɗaure shaidarsa ko ɗaya ba. Bai taɓa cin shari'a ba kuma, amma wannan ba ya cikin abin da aka rubuta a allon ofishinsa.

Mutum ne mai fara'a, ga son aikinsa. Ya zaunar da Jatau, ya zuba masa shayi, ya ce, "Baba, bari mu gwada. Ɗauka ni ne lauyan majalisa. Yaya sunanka?"

"Jatau tela, ɗan Mamman tela, na Unguwar Majema, kusa da gidan su Tanko mai nama, wanda 'yarsa ta..."

Lurwanu ya dafe kai. "Innalillahi! Suna ɗaya na tambaye ka, ka miƙa musu mutum huɗu. Tanko me ya yi maka? Abin da aka tambaya kaɗai ake amsawa, Baba. In an gama, ka ɗinke bakinka."

Ai kuwa nan wahalar take. Tela ne fa. Shekara arba'in ƙafarsa na taka keke bakinsa na bin ta, bai taɓa auna wuyan mutum bai ba shi labarin kakansa ba. Yanzu an ce ya yi magana da awo.

"Ranar Talata me ka gani?"

"Na ga katafila..."

"Asibiti!"

"To, na ji ƙarar..."

"Gidan yari!"

Jatau ya ajiye kofin shayi. "Haba Lauya, to da me zan ce abin ya same ni? Da hanci?"

Lurwanu ya ɗan yi tunani, ya buɗe wani ƙaton littafi, ya ce a gaskiya doka ba ta ce komai a kan hanci ba tukuna, amma gara kada su zama na farko.

Kwana uku suka yi suna wannan horo. Ya koya masa ya ƙirga biyar a zuci kafin ya amsa komai. Ya koya masa kada ya gyaɗa kai, don magatakarda na rubuta gyaɗa kai a matsayin amsa laifi. Ya ba shi jimloli uku ya haddace: "ban tuna ba", "ba zan iya tabbatarwa ba", da "a maimaita tambayar". Babban darasin kuwa shi ne, duk tambayar da ta zo da sauƙi tarko ce, duk lauyan da ya yi maka murmushi rami ya haƙa. Jatau mutum ne mai ƙwazo. Abin da ya sa a gaba sai ya ga bayansa, haka ya ɗauki karatun nan har gida.

Matarsa Yalwa ta kawo masa tuwo ta ce, "Malam, gishirin ya ji?"

Ya ƙirga biyar. "Ba zan iya tabbatarwa ba."

"Kai da ka cinye malmala biyu?"

"A maimaita tambayar."

Ta ɗauke kwanon ta ce Allah ya isa tsakaninta da lauyoyi. Da Lurwanu ya ji labarin, sai da ya tashi tsaye ya rungume shi. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa samun ɗalibi irin wannan ba.

To, abin da su biyun ba su sani ba shi ne, a makon nan siton majalisa ya cika har ƙofa ba ta rufuwa, ga kuma wasu kujerun taro ana jiran a sauke. Kantoma ya ba da umarni a rage kaya, duk wanda ya zo ya ce abu nasa ne a miƙa masa ya tafi. Tun da aka kafa Lallaɓa ba a taɓa yin irin wannan umarni ba, kuma na kwana ɗaya ne, daidai ranar bahasin Jatau.

Ranar bahasi Jatau ya sha babbar riga ya zauna. Magatakarda ya rantsar da shi. Lauyan majalisa, wani mai suna Ɗanliti, ya shigo yana duba agogo, don ana suna a gidan ƙanwarsa kuma ya ji an yanka rago biyu. Bai ko zauna ba ya sa masinjoji suka shigo da keken suka dire a tsakiyar ɗaki.

Jatau ya ga kekensa. Ga tabon da dutsen guga ya yi wa katakon tun yana yaro, ga ma sauran shuɗin zaren hannun rigar nan yana lilo a allura. Nan take ƙafarsa ta dama ta fara taka iska a ƙarƙashin tebur.

Ɗanliti ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba za mu ɓata maka lokaci ba. Wannan kekenka ne?"

Tambaya mai sauƙi, ga kuma murmushi. Lurwanu ya yi gyaran murya. Jatau ya ƙirga biyar.

"A maimaita tambayar."

"Na ce keken nan naka ne?"

"Ba zan iya tabbatarwa ba."

"Baba, dube shi da kyau. Ka taɓa ganinsa?"

Jatau ya tuna asibiti, ya mayar da idonsa kan rufin ɗaki. "Ban tuna ba."

Ɗanliti ya matso, ya rage murya. "Don Allah don Annabi, Baba, ka ce naka ne kawai. Kalma ɗaya. Ni da kaina zan sa a ɗora maka shi a amalanke."

Lurwanu ya rubuta a takarda ya tura wa Jatau: wannan shi ne ramin. Jatau ya duba takardar, ya dubi keken. Bakinsa ya buɗe, kalmar ta zo har kan harshe, ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani. Ya ce bai tuna ba.

Magatakarda ya ɗiga aya, ya ce shekara goma sha bakwai yana rubuta bahasi bai taɓa ganin mai tsabta irin wannan ba, ko kalma ɗaya babu da za a kama mutum da ita. Aka rubuta cewa keken ba shi da mai shi, saboda haka ya zama dukiyar jama'a. Ɗanliti ya ruga wurin suna. A waje Lurwanu ya riƙe hannun Jatau da hannu biyu yana washe baki.

"Baba, barka! Ka ga yadda suka so su kama ka?"

"To keken fa, Lauya?"

"Kai dai ka gode wa Allah, a gidanka za ka kwana."

Majalisar Lallaɓa ba ta barin dukiyar jama'a ta zauna a banza. Bayan mako biyu aka yi shelar rabon tallafin sana'a a Unguwar Majema. Aka kafa rumfuna, makaɗa suka zo, aka nemi tela marar keke, aka duba ko'ina ba a sami wanda ya fi Jatau cancanta ba. Kantoma da kansa ya yaye ƙyallen da aka rufe kyautar da shi. Keken ne, an shafa masa koren fenti, an manna hoton Kantoma a kan tabon dutsen guga. Jatau ya rungume keken yana hawaye, mata suka rangaɗa guɗa, masu hoto suka yi ta ɗauka. Yalwa ma ta yafe wa lauyoyi a take.

Da Kantoma ya shiga mota, sai masinjoji biyu suka zo suka ce Baba ya ɗan saki.

"Ina za ku kai shi?"

"Gobe akwai rabo a Unguwar Marina, Baba. Jibi kuma Tudun Jira."

"Ai ni aka ba!"

"An ba ka mana. Ga hoto ma."

Yau keken ya ga unguwa arba'in da ɗaya, kuma rahoton majalisa ya nuna an tsamo teloli arba'in da ɗaya daga talauci. Ba a taɓa samun Kantoma mai alheri irin wannan ba. Duk inda motar rabo ta nufa, za ka ga wani dattijo a bayanta da 'yar kwalbar mai da tsumma a aljihu, don masinjojin ba su san keke na son mai ba. Yana jira a gama guɗa, ya lallaɓa ya ɗiga masa, ya goge ƙura, ya koma gefe.

Na ji an ce mako mai zuwa unguwarku za a je. In an kira sunanka, Malam Jatau ya roƙi arziki ɗaya: ka tallabi keken ta hagu, ƙafarsa ta dama ta fara kwancewa.