Likita Peniasi da Haƙoran Malakai

"Ku ba ni wata uku, ko bututun kamfanin sukari sai ya daina hayaƙi a garin nan!"

Haka Likita Peniasi, likitan haƙori a garin Labasa, ya faɗa a zauren shan yangona, jiƙon saiwar da mutanen garin ke sha a wurin hira, yana bugun ƙirji har ƙwaryarsa na tangal-tangal. Abokina, in ka ga mutumin nan sai ka rantse shi ya ƙirƙiro haƙori. Kwas ɗin kwana biyu kacal ya je a birnin Suva kan raba mutane da taba, ya dawo da takardar shaida mai girman tabarma, da baki mai girman ƙofar gari.

Wanda tsautsayi ya fara kawowa shi ne Malakai, tsohon mai saran rake, wanda taba ta cinye wa dasashi, haƙoransa bakwai da suka rage suna rawa kamar 'yan biki. Matarsa Salote ce ta jawo shi.

"Kawu, dubi nan!" in ji Sarkin Cika-Baki, ya buɗe wani ƙaton hoton ruɓaɓɓen baki. "Ƙarshen mashayi ke nan."

Malakai ya ƙura ido. "Kai! Ai bakin Fasto ne wannan. Ga haƙorin gwal ɗinsa! Ashe shi ma yana busawa?"

Kafin Lahadi labari ya zaga gari. Fasto ya zo da kansa ya yage hoton, ya kusa haɗawa da mai hoton.

Gogan bai daddara ba. Ya miƙa wa tsoho cingam ɗin kashe ƙwaɗayin taba. "Tauna da ƙarfi, Kawu. Ilimi ne, ba tatsuniya ba."

Washegari Salote ta dire masa ƙullin takarda a tebur. Cingam ne, da haƙora biyu a tsaye a ciki.

"Likita, gyara muka zo ko girbi?"

"Dama masu tafiya ne, Inna," ya ce, yana share gumi.

Sai ya koma wa'azi. Duk wanda ya hau kujera, sai ya cusa masa auduga a baki, ya yi masa lacca ta awa biyu. Masu jiran layi suka gaji, suka riƙa fita waje suna kunna taba don rage haushi. Har mai sayar da taba a kasuwa ta kwaso teburinta ta kafa a ƙofar asibitin, kullum tana gaishe shi: "Sannu da aiki, mai kawo ciniki!"

Ana haka sai ga labari: Malakai ya yi wata guda bai taɓa taba ba, dasashinsa ya daina jini. Likita, bawan Allah, ya yi tsalle. Ya gayyato babbar jami'ar lafiya da ɗan jarida, ya rataya furanni a wuya, ya tsayar da tsoho a gaban jama'a.

"Kawu, faɗa musu. Wace dabarata ce ta raba ka da taba?"

Malakai ya gyara tsayuwa, ya washe haƙoransa biyar.

"Gaskiya, ranki ya daɗe, aikinsa ne. Salote ce ta ce mini: ko ka bar taba, ko in mayar da kai wurin Likita. Na shekara arba'in ina sha, amma da in sake jin muryar mutumin nan, gara in mutu da ƙwaɗayi."