Koren Labule da Kayan Kaka

"…da gajiyar hawa bene, amarya? Har na fara neman baro a turo ki."

"Gajiya ai tana wurin mai miji irinka. Wane ango ne zai gayyato matarsa, ya bar ta tana tambayar masu gadi hanya?"

A bakin ƙofar situdiyon jami'a Kaka da jikanta suka haɗu, can saman laburare. Jikan, wanda Kaka ta raɗa wa suna Azarɓaɓi tun yana rarrafe, ɗalibin aikin jarida ne a shekarar ƙarshe. An ba su aikin haɗa gajeren bidiyo a kan wani mai sana'ar hannu, da sharaɗin dole a ga ɗalibin a ciki yana yin tambayoyi da bakinsa. Wanda bai kawo ba, sai ya maimaita kwas ɗin baɗi. Shi kuwa bai yi nisa ba, ya zaɓi kakarsa, tela ce da ta tsufa a kan keken ɗinki.

Samun ɗakin nan ya ba shi wuya. A sashensu aka ce kyamara tana wurin gyara, ya gwada ofishin kwamfuta. Can suka ce su intanet kaɗai suka sani. Sai wata 'yar ajinsu ta tsegunta masa cewa akwai ɗakin da ake ara wa ɗalibai kyauta: kyamara biyu, fitilu uku, makirufo, har da ma'aikaciya mai koya wa mutum tace bidiyo. Ya tarar layi ya cika har bayan ranar miƙa aiki, sai gurbi ɗaya da wani ya fasa. Ya cafke shi. In wannan ya kuɓuce, babu wani.

Ya kama hannunta zai ja ta ciki, ta fizge, ta ce ya tsaya ya yaba kwalliya tukuna. Ya dube ta sama da ƙasa a gurguje. Zani kore, riga kore, ɗankwali kore, mayafi kore.

"Kin fito kamar gonar alayyafo bayan ruwa."

"Shi ya sa awaki irinka suke biyo ni."

Ma'aikaciyar ɗakin ta gaishe da Kaka da ladabi, ta zaunar da ita a bayan teburi, gaban wani ƙaton koren labule. Sai ta dubi allon kwamfuta, ta sa hannu ta rufe baki. Azarɓaɓi yana can yana ƙirga igiyoyi da batura, ta yafito shi. Ta tuna masa abin da aka koya musu a aji: na'urar tana goge duk abin da yake kore, ta sa hoto a wurinsa. Hoton da ya kawo na tsohon shagon Kaka ne, ga shi nan ya fito ras, da kantoci da yadudduka. A tsakiyar shagon kuwa fuskar Kaka ce kaɗai take yawo a iska, sai tafin hannu biyu a ƙasa.

Ya tuna a waya ya ce mata ɗakin duk kore ne, ya kashe don ya kira mai motar da zai ɗauko ta, bai ƙarasa da cewa kada ta sa kore ba.

Kaka ta taso ta leƙa, jikin ya ƙi dawowa. Ta ɗaga hannu, hannu ya tashi shi kaɗai kamar tsuntsu.

"Kai, mijin banza. Ina ka kai mini jiki?"

"Ai na ce miki ɗakin kore ne."

"Ni kuma na yi abin da duk tela mai hankali za ta yi, na dace da ɗaki. Da hannuna na ɗinka, ko maɓalli ban saya ba."

"To, ba a yi asara ba. Dama bakin ne kaɗai yake aiki, ga shi nan ya fito."

"Da jikina cikakke ka ɗauko ni. Ka mayar da ni gidanmu yadda ka same ni, ko in kai ƙararka wurin uwarka, ita ma ni na haife ta."

Ma'aikaciyar tana dariya, shi kuwa lissafi yake yi. Gida da nisa, kafin a je a dawo da wasu kaya gurbinsa ya wuce, ga waɗanda za su shiga bayansa har sun fara taruwa a baranda. Ya roƙi ma'aikaciyar ta ara wa Kaka gyalenta. Kaka ta kama bakin gyalen ta duba kalmasar, ta saki, ta ce ta gode, amma a bar mutunci inda yake.

Nan ma'aikaciyar ta ce su kwantar da hankali, akwai shuɗin labule a bayan koren, an ajiye shi saboda irin wannan rana. Suka ja kore gefe, ta taɓa kwamfuta, sai ga Kaka ta dawo cikin shagonta tsaf, har da tsintsiyar hannu. Azarɓaɓi ya yi hamdala, ya gyara wuyan riga, ya faɗa kujerar gefenta, ya ce a kunna.

Ba a kunna ba. Ma'aikaciyar ta juyo masa da allon. Ga Kaka zaune da ƙasaita, a gefenta kuma wani kai ne da dogon wuya yana lilo a gaban kantar zare. Sabon kaftaninsa, wanda ya tanada musamman don yau, shuɗi ne.

Kaka ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen mayafi. Da ta huta, ta kamo hannun rigar ta juya cikinsa.

"Wannan ba ɗinkina ba ne."

"Wani tela ne a bakin hostel. Na ce kada in wahalar da ke."

"Ka ce dai ɗinkina na tsofaffi ne. To ga na zamani, ya ɗinke ka har ka ɓace."

Ya ce zai cire kaftanin. Ya ɗaga kaɗan, singiletin ciki ta bayyana da hujojinta, ya yi maza ya sauke. Ya ce a mayar da kore, Kaka ta ce sai dai ya yi hira da iska. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko sun kusa. Malamin kwas ɗin kuwa ba ya karɓar murya ba fuska, ba ya kuma ba kai mara jiki maki.

Azarɓaɓi ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Amarya, ki rufa mini asiri. Baɗi ba na son ganin benen nan."

Ta bar shi a durƙushe har ta gama gyara ɗaurin ɗankwalinta. Sannan ta zare koren mayafin daga kafaɗarta, ta yafa masa, ta zagayo da shi ta rufe shuɗin kaf, ta soke a wuya. Teburi ya ɓoye wandon. A allo, sai ga mutum biyu cikakku, kore da kore, a tsakiyar shago.

Jar fitilar kyamara ta kama. Ya gyara murya irin ta masu karanta labarai, ya roƙe ta ta gabatar da kanta ga masu kallo.

Kaka ta dubi kyamara ido cikin ido. "Ni tela ce, tun ana juya keke da hannu. Wannan ta gefena kuwa amaryata ce, yanzu na yafa mata mayafi. Ku yi haƙuri da ita, kunya gare ta."

Ya buɗe baki zai rama. Ya dubi jar fitilar, ya dubi inuwar masu jira a ƙarƙashin ƙofa, ya dubi mayafin da yake riƙe da makinsa. Dariya ta ƙwace masa.

"Na yarda, ango," ya ce, ya ja bakin mayafin ya rufe rabin fuska. "Ci gaba, ba za mu yanke ba."