Lasifika Huɗu da Kaset ɗin Baba

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ƙaurin da ya tashi a tsakar gidanmu na Dapaong ba, ranar sadakar arba'in ɗin Baba. Har yau in na wuce inda ake ƙona roba sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi ci mini rai kuma, babu wanda zan ɗora wa laifi. Na nema, wallahi na nema, ban samu kowa ba sai ni.

Bari in fara daga kaset ɗin. Bayan rasuwar Baba da sati biyu, mahaifiyarmu, Mma, tana kwashe kayansa daga akwatin ƙarfe sai ta ci karo da kaset guda a naɗe cikin tsohuwar hula, an rubuta "Salifu" da ajami a jikinsa. Salifu yayan Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, mu Baffa muke ce masa. Shi yana Sokodé, Baba kuma yana Dapaong yana fawa. A zamaninsu, kafin waya ta shiga aljihun kowa, haka suke aika wa juna saƙo: ka yi magana a kaset, ka ba direba, ya kai. Sai dai an fi shekara ashirin kaset bai bi wannan hanya ba. Ranar da kakarmu ta rasu, Baffa ya bugo waya gidan maƙwabci ya ce a jira shi zuwa la'asar. Baba ya ce ana zafi, ba za a ajiye gawa ba, aka binne ta da azahar. Baffa ya sauka daga mota ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ba su yi faɗa ba, kuma da ma sun yi da ya fi sauƙi. Gaisuwar salla kawai ta rage a tsakaninsu, ita ma ta bakinmu take zuwa.

Mma ta ce kaset amana ne, ba mai saurara sai mai shi ya zo. Baffa bai samu jana'iza ba saboda yana kwance da ciwon ƙafa, amma da aka gaya masa, ya ce zai zo arba'in ko da ɗaukarsa za a yi. Ya kuma ce a sa a gaban iyali, tunda a gaban iyali abin ya faru. Matsalar ɗaya ce: Baffa ya yi shekara talatin yana aiki a injin niƙa, kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi kamar kana kiran wani a ƙetaren titi sannan ya ji. Tsohon amfilin Baba, wato na'urar ƙara sauti, irin mai haɗe da rediyo da gidan kaset, yana nan da ransa, amma lasifikokinsa ɓeraye sun daɗe da cinye su.

A nan ne ni, gwanin gwanaye, na miƙe na ce a bar mini komai. Ina zaune a Sokodé ina sayar da caja da katin kira da abin sawa a kunne, kuma a unguwarmu "teknisiyan" ake ce mini (asalin sunan: makirfon masallaci ne ya taɓa daina aiki, na canja masa batir, shi ke nan). Ƙanwata Ramatu ta ce in fara kai kaset ɗin wajen masu juye shi a katin ajiya na waya, su juye ba tare da sun saurara ba, don a samu na ajiya. Na ce mata waɗancan ɓata sauti suke yi, ni zan juye da kaina bayan taro, da waya mai kyau. Ta dube ni irin kallon da ƙanne suke yi wa yayyen da suka sani tun suna fitsarin kwance.

Na shiga babbar kasuwar Sokodé da aljihu marar nauyi. Na tsaya a shagon wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da kayan sauti na hannu. Ya nuna mini lasifika biyu, baƙaƙe, katakonsu ya kokkoɗe, ya ce su ne daidai kuɗina kuma su ne masu gaskiya. Ni kuwa idona yana kan wasu guda huɗu masu ƙyalli, har da fitilu shuɗaye a baki, an manna musu takarda mai ɗauke da lambar wat, wato ƙarfin sautinsu, da ta kusa kai lambar mota tsawo. Farashin huɗun da na biyun kusan ɗaya ne. A lissafina na teknisiyan, huɗu ta fi biyu ƙara, kuma kurma za a jiyar.

Dattijon ya tambaye ni me aka rubuta a bayan amfilin, om nawa yake ɗauka, wato lambar da ke nuna irin lasifikar da ta dace da shi. Ban taɓa juya amfilin nan ba a rayuwata, amma in ce ban sani ba a gaban mutane? Na ce masa tsohon ƙarfe ne, komai yana ɗauka. Ya yi mini bayani a hankali, cewa waɗannan huɗun kowace om huɗu ce, in na murɗe wayoyinsu bibbiyu a rami ɗaya na bayan amfili sai su koma om biyu, su riƙa jan wuta fiye da ƙarfin amfili har ya yi zafi. Ya ce lambar da ke kan takardar nan ma ado ce, kamar fitilun.

"Ɗana, ka kira gida a duba maka. Minti guda ne," in ji shi.

Na ce ba kati a wayata. (Akwai. Ni da nake sayar da katin.) A raina na ce so yake ya liƙa mini tsofaffin kayansa. Na biya, na ɗaure lasifikokina, na tafi ina jin na ci kasuwa.

Da Baffa muka hau mota zuwa Dapaong, shi a gaba saboda ƙafarsa, ni a baya rungume da kwali. Tafiyar tana da tsawo, sai wajen garin Mango ya waiwayo ya tambaye ni ko kaset ɗin doguwar magana ce. Na ce ban sani ba, Baffa, ba wanda ya ji. Ya gyaɗa kai ya mai da fuskarsa titi. A lokacin na lura ya sa babbar rigar da yake zuwa idi da ita, kuma tausayinsa ya kama ni.

Ranar sadaka tun da safe na jera kayana a ƙarƙashin rumfa. Na murɗe wayoyi bibbiyu da haƙori na cusa a ramukan amfili, biyu hagu biyu dama. Da nake cusawa na ga rubutun a bayansa ƙarara: om takwas. Na gani da idona, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na kunna rediyo, sauti ya fito, fitilu suka fara wasa, mahauta abokan Baba suna cewa ɗan Idrisu ya iya. Wanda ake yaba wa haka ina zai tsaya karanta bayan ƙarfe? Na bar ƙira'a tana tashi tun hantsi har aka gama addu'a aka raba masa da goro. Sau ɗaya na ɗora hannu a kan amfilin na ji zafi kamar murfin tukunya, sai na sa kwali a ƙarƙashinsa, wai ya sha iska.

Bayan baƙi sun ragu, aka bar iyali. Aka kawo wa Baffa kujera gaban lasifikoki. Mma ta fito da kaset daga cikin hular da hannunta, ta ba ni. Na saka, na danna. Aka fara jin shuuu, sannan carar zakara, sannan gyaran murya. Mma ta rufe bakinta da mayafi, don gyaran muryar nan ko a cikin dubu za mu gane ta. Baffa ya karkato da kai ya ce bai ji ba. Na ƙara. Ya ce a ƙara. Na murɗa har ƙarshe.

Muryar Baba ta cika gidan, da ƙarfinta, irin ta kafin ciwo ya cinye ta:

"Salamu alaikum, Yaya. Ni ne Idrisu. Akwai maganar da na daɗe ina son..."

Sai wani ƙara, tas, fitilu suka mutu, hayaƙi ya fara fitowa ta saman amfilin.

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku, don kaset bai ji komai ba a lokacin. Cire wuta kawai ake bukata, a jira ƙarfe ya huce, a kai wa mai gyara. Amma ni na ga hayaƙi, na ga idon mutane a kaina, hankalina ya tashi. Ƙofar gidan kaset ta ƙi buɗuwa, na zari wuƙar fawa ta Baba na ɓanɓare ta. Zaren kaset ɗin ya riga ya naɗe a ƙarfen ciki, na kama kaset na ja. Ramatu tana cewa in bari, ban ji ba, ni ma na zama kurma. Na yi ta ja, zare yana biyo ni gaba bayan gaba, yana miƙewa yana sirancewa, wani ya faɗa kan ƙarfen mai zafi ya narke ya ƙanƙance. Da ya tsinke, sai ga ni tsaye a tsakar gida da wuƙa a hannu ɗaya, maganar ubana a dunƙule a ɗaya hannun kamar gashin da aka taje.

Ba wanda ya zage ni. Na so a zage ni, na so wani ya ɗauke ni da mari. Mma ta tashi ta shige ɗaki. Baffa, da bai ga abin da ya faru sosai ba, yana nan a karkace da kai yana jiran ci gaba. Ni na durƙusa na gaya masa a kunne, da ƙarfi, yadda kowa zai ji, cewa na lalata kaset. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini a wuri ɗaya kamar wannan lokaci ba.

 Sai ya dafa kaina ya ce, "Ya ce mini Yaya. Na ji wannan. Tashi, ya isa."

Washegari na kai ragowar wajen wani mai gyaran rediyo. Ya yanke abin da ya lalace, ya liƙa baki da baki, muka saka a wata 'yar rediyo mai batir. Ashe maganar Baba gajera ce, kuma daidai tsawonta na janyo na lalata. Abin da ya rage shi ne: "...to, shi ke nan abin da nake son gaya maka. A gaishe da iyali." Daga nan sai shuuu har ƙarshen kaset. Mai gyaran ya yi dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta. Ya kuma ce da wannan 'yar rediyon aka kara wa tsohon a kunne tun farko, da ya ji komai tsaf.

Baffa bai taɓa tayar mini da zancen a matsayin laifi ba. Amma ya isa ɗin da ya ce, don ni ya faɗa, ba don kansa ba. Duk Juma'a in na je gaishe shi, bayan an gama tambayar kasuwa da yara, sai ya sassauta murya (a ganinsa, don maƙwabta duk suna ji) ya ce, "A ganinka me zai ce?" Wani lokaci in ce gafara zai nema. Wani lokaci shi da kansa ya ce wataƙila faɗa zai yi masa, don Idrisu bai iya ba da haƙuri ba, sai ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa. Haka ya yi ta tambayata wata goma sha huɗu. Ranar da ya rasu ni na yi ta kiran dangi a waya, gari gari, kuma ba a ɗaga gawarsa ba sai da na ƙarshensu ya sauka daga mota.

Yanzu in mutum ya zo shagona yana neman shawarar lasifika, nakan ce ya je ya juya amfilinsa ya karanto mini lambar, in takwas ce ya sayi mai takwas, guda biyu, ko da ba ta da fitila. Wasu suna ganin na cika tsanani a kan 'yar lamba ɗaya. In kuma aka tambaye ni abin da ban sani ba, na koyi cewa "ban sani ba" tun a kasuwa, a gaban baƙi, inda ba ta da tsada. Ni a gaban Baffa na koye ta, duk Juma'a, da ƙarfi, a cikin kunnensa.