Guɗar Da Na Rangaɗa A Saukar 'Yar Fari

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar saukar karatun 'yata ta fari a Gwandu ba. Har gobe in na shiga garin, akwai matan da ke zungurar juna suna nuna ni da baki. Su yi ta nunawa. Ni ce dai, ba wata ba.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, don ku san abin ba daga sama ya faɗo ba. Ni 'yar Kalgo ce, gidanmu masunta ne kaka da kakanni. Mutanen da suka saba kiran juna daga wannan gaɓar gulbi zuwa waccan ba su san wani abu wai shi raɗa ba. In ana gaisawa a gidanmu, baƙo sai ya zaci faɗa ake yi. Mun ji daɗi a ji mu, ranmu ya ɓaci a ji mu. Sai Allah ya haɗa ni aure da Bafulatanin Gwandu, malamin makaranta, ɗan gidan da ko tari mutum zai yi sai ya nemi lungu. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, tun da na shiga danginsu ban taɓa ganin ta kai loma baki ba (na san tana ci, tunda ga ta da ranta, amma yaushe, Allah kaɗai ya sani).

Da na haifi 'yar fari, aka sa mata sunan Inna, wato Hadizatu, ana kiran ta Walida. Da aka yaye ta aka kai ta Gwandu wurin kakarta, can ta tashi, mu muna Kalgo. Sai kunya biyu ta hau kaina. 'Yar fari ce, ba a nuna mata so a gaban mutane. Sunanta kuma na suruka ne, baki ba ya ɗaukar sa. A gidan su Inna ko Walidar ba a so a ji daga bakina. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma tana ce mini Anti, kamar wata maƙwabciya.

Na ɗauka yarinyar ta fahimci cewa al'ada ce kawai. Sai wani hutu da ta zo Kalgo, ta ga ina kiran ƙannenta da sunayensu, ina yi musu kirari, ƙaramar tana bisa cinyata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Anti, ni mi niy yi miki?" Na so in jawo ta jikina. Amma akwai baƙi a tsakar gida, sai na ce, "Ke, tahi ki ɗebo ruwa." Ta tafi. Ba ta ƙara tambaya ba, kuma daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

To, ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina awon ciki a wani ƙaramin asibiti. Aka tura mu bita Birnin Kebbi a kan walwala da kwanciyar hankali. Malamar bitar ta ce hali ba dutse ba ne, ana iya horar da shi. Ta ce in zuciya ta taso, mutum ya ja numfashi ta hanci, ya riƙe, ya sake a hankali ta baki, sannan ya kira abin da yake ji da sunansa: wannan fushi ne, wannan tsoro ne, zai wuce. Ta kuma ce mutum ya riƙa faɗa wa waɗanda yake so cewa yana son su (wannan ɓangaren na yi kamar ban ji ba). Na dawo Kalgo da zumuɗi. Mai ciki ta yi ƙorafin layi, in ce ta ja numfashi. Abokiyar aiki ta yi faɗa da mijinta, in ce ta ja numfashi. Kafin wata ya ƙare sun laƙa mini suna Hajiya Ja-Numfashi, ni kuwa har daɗi nake ji. Gani nake na zama sabuwar mutum, na fi Fulanin ma fulako.

Ranar saukar, muna cikin mota za mu Gwandu, maigidana ya sunkuyo ya ce, "Don Allah yau ki kama kanki. Dangi dut suna nan."

Na ce, "Malam, ni za ka koya ma kamun kai? Ni da anka tura bita?"

Ya juya ya kalli taga. Mutumin nan ya san matarsa.

An kafa rumfuna a filin Islamiyyar su Walida, maza gefe guda, mata gefe guda, ga lasifika, ga masu sauka sun jeru da fararen hijabai da allunansu na zayyana. Aka zaunar da ni a tsakanin Inna da Adda Mairo, yayar maigidana, wadda ta ɗauki kiyaye mutuncin gidansu tamkar aikin albashi. Na naɗe hannu, na ɗaure fuska, na yi zaman da ya dace da uwar 'yar fari, wato zaman wadda ta biyo hanya ta ga taro ta tsaya.

Sai aka kira Walida ta yi karatu a madadin 'yan ajinsu. Ban san ita aka zaɓa ba, ba wanda ya gaya mini. Ta fito, ta karɓi abin magana, ta bi rumfar mata da ido har ta same ni. Na sunkuyar da kai, kamar yadda aka saba.

Ta fara. Jama'a, ban san yarinyar nan tana da murya haka ba. Tana cikin karatu, a tsakiyar aya, sai ta kakare. Ta koma baya, ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Fili ya yi tsit. Na ja numfashi ta hanci, na riƙe, na ce a raina, wannan tsoro ne, zai wuce. Ta ɗago ta sake nemo ni da ido, irin kallon da ta yi mini a bakin ƙofa. Wannan karon wuyana ya ƙi sunkuyawa. Na zuba mata ido, na gyaɗa mata kai. Sai kawai ayar ta zo mata, ta ɗora, ta tafi sumul har ƙarshe, malamai suna ta "Masha Allah".

Wani abu ya taso mini tun daga ciki. Na ja numfashi. Na ce wannan farin ciki ne, zai wuce. Bai wuce ba. Na ƙara ja, na riƙe, na ƙara ja a kan wancan. Ƙirjina ya cika fam. Malamar bita ta ce a sake shi ta baki, ai kuwa ta baki ya fita. Ban san lokacin da na miƙe ba, na kama hanci, na rangaɗa guɗa irin ta gidanmu, wadda ake ji daga tsallaken gulbi. A taron saukar Alƙur'ani, inda kabbara ake yi! Kuma ban tsaya nan ba. Na ɗaga hannu biyu na kwarara kira:

"Hadizatuuu! Ɗiyata ta! Wallahi ni nih haihe ta!"

Har da tsalle na yi. Takalmina ɗaya ya fice ya yi gaban malamai.

Shirun da ya biyo baya ya fi na ɗazu. Sannan na tuna mai ainihin sunan tana zaune a gefena, matar da ko 'ya'yanta ba su taɓa furta sunanta ba. Na waiga. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. A rumfar maza na hango maigidana yana binciken ƙasa kamar ya yar da allura. Mai gabatarwa ya yi gyaran murya a lasifika ya ce, "To, masha Allah. Mun ji. Allah shi raya." Matasa suka fashe da dariya, wayoyi duk sun juyo kaina.

Adda Mairo ta finciko zanena. "Innalillahi! Sunan Inna kinka kira tsakar jama'a? Zamna!"

Wata tsohuwa daga Kambaza da ke bayanmu ta tambaya, "Wagga ɗiyar wa ta?" Aka ce mata, "Matar Malam ta, 'yar Kalgo." Ta ce, "Ai ho," kamar an gama yi mata bayanin komai. Na zauna da takalmi ɗaya, gumi yana bin bayana, ina ta jan numfashi (sai ka ce akwai sauran abin da zai tare).

Da muka koma gida Adda Mairo ta kafa kotu a tsakar gida. Ta ce in je in durƙusa wa Inna, in ce ba ni cikin hayyacina, rana ce ta buge ni, ko iska ta taɓa ni. Kunya kam na ji ta. Amma da na ji wai in ce ciwo ne ya sa na kira 'yata tawa, sai jinin masunta ya motsa. Na ce, "Adda, lahiyata lau. Ba ni ƙarya bisa wanga."

Na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Na ce, "Inna, na kira sunanki, na yi rashin kunya, ki gahurta mini. Amma ɗiya dai tawa ta. Wanga ba ni janye shi."

Ta daɗe tana jan carbi ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Na jiya. Gwandu dut ta jiya." Sannan ta turo mini wani kwanon abinci da ƙafa. "Yarinyar ba ta ci komi ba tun sahe. Kai mata da hannunki."

Ban taɓa kai wa Walida abinci da hannuna a gidan nan ba. Na same ta a ɗaki ita kaɗai, ba ta ko cire hijabi ba. Na ajiye kwanon, na rasa ta inda zan fara. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin ba ni kunya gaban ƙawayena."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Sun ce ba su taɓa jin guɗa irin wagga ba." Bakinta yana so ya yi dariya, idonta ya cika da ruwa. Ta sa hannu cikin hijabi ta zaro wani abu ta miƙo mini. Ashe ita ta je gaban malamai ta ɗauko shi. Ta ce, "Umma, ga takalminki."

Nan kam ban ja wani numfashi ba. Na zauna daɓas na yi kukana, da ƙarfi, irin na gidanmu.

Hoton ya zaga wayoyi har ya riga ni isa Kalgo. A asibiti an sauya mini suna, yanzu Hajiya Ni-Nih-Haihe-Ta ake ce mini, kuma ina amsawa. Har yanzu ina koya wa mata jan numfashi, don yana da amfani, ya hana ni faɗa da Adda Mairo ba sau ɗaya ba. Sai dai ina ƙara musu da abin da malamar bita ba ta faɗa ba: in abin da ya taso miki so ne, kar ki wahalar da kanki da riƙe shi, iska kawai kike tara wa guɗa. Fulako kuwa na bar wa masu shi. Ranar auren Hadizatu, duk mai tsoron jin kunya ya nemi kujera nesa da ni.