Ranar da Aka Kawo wa Allon Ila Tsani

Ku da ba ku leƙo gareji makon jiya ba, wallahi an yi babu ku. Kun dai san Ila Kwamfuta, mai saita ƙwaƙwalwar mota a Ƙofar Ruwa, wanda ya kafa ƙaton allo a saman rumfarsa aka rubuta "Likitan Birenbos na Arewa Kaf". Mutumin da ko gaisawa za ku yi sai ya buɗe laftof tukuna. To, shi Allah ya haɗa da Nafi'u Guguwa, ɗan wasan mota, irin waɗanda ke juya mota a wajen biki har taya ta yi hayaƙi. Guguwa ya cire birenbos ɗin kamfani, wato ƙwaƙwalwar motar, ya ɗaura wani da ya yo oda daga waje, ya kawo wa Ila ya saita masa, don ranar Asabar akwai bikin abokinsa kuma ya riga ya cika baki shi zai buɗe fili.

Sai mota ta ce ba ta san zancen ba. In tana tsaye, firesha lafiya lau, wato ƙarfin da famfo ke tura mai zuwa inji. A miƙaƙƙiyar hanya ma sumul. Amma da an karya kwana sai lambar da ke kan laftof ta faɗo ƙasa, ta zabura sama, ta sake faɗowa, motar ta kama tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono.

Guguwa ya ce, "Ila, anya kuwa? Ko in kai ta Kaduna?"

Kai, da ka ga fuskar Ila! Ya buga ƙirji a gabanmu ya ce, "Kaduna? In Asabar ta yi ban gano ciwon motar nan ba, ka zo da hannunka ka sauke allon can."

Mu kuwa muka ce mun shaida. Ni dai gabana ya faɗi, don bakaniken da aka sauke wa allo a Ƙofar Ruwa, ko keken ɗinki ba mai ƙara kawo masa.

Ila ya duƙufa. Ya canza famfon mai, ya canza filta, ya canza sensa, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Gejin tankin motar ya daɗe da mutuwa, don haka ya tambayi mai ita, "Akwai mai dai ko?"

Guguwa ya harare shi. "Ni da motata? Akwai mai."

Shi ke nan aka wuce wurin. Masu zaman benci suka fara cewa baki ne ya kama motar. Da farko Ila dariya ya yi musu, amma ran Alhamis da idona na gan shi yana yi wa laftof tofi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci suka fita gwajin ƙarshe a wani fili, na bi su a babur don kada a ba ni labari. Guguwa ya take ta, ya murɗa sitiyari, ƙura ta tashi. Ba ta gama zagayen ba ta yi tari, ta yi shiru. Aka yi ta murza makulli, ko uffan. Haka muka turo ta har gareji, ni ga tura mota ga jan babur, ina tsine wa son ganin ƙwaƙwaf.

Guguwa ko ruwa bai sha ba, bai ma jira Asabar ɗin ba, ya wuce wurin mai walda ya aro tsani. Kafin ka ce kwabo gareji ya cika, har masu sayar da rake sun ajiye baro. Ila kuwa kunya ta sa ya shige ƙarƙashin motar wai yana duba wani abu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Can cikin takaici ya kai wa tanki naushi, sai muka ji ƙwal, kamar an bugi garwar da ba komai. Ya ƙara bugawa. Ya zare tiyo ya tara gwangwani, abin da ya ɗigo ko kofin shayi ba zai cika ba.

Ya fito da baƙin mai a goshi yana huci. "Nafi'u! Ba kai ka ce akwai mai ba?"

"Akwai mana. Da safe na zuba mata ɗan gora, kullum haka nake yi."

"Ɗan gora! To ai da ka karya kwana ɗan man zai gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Ga rawar fireshar nan! Je ka cika tanki, bawan Allah."

Guguwa ya jingina tsani da rumfa ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Kai waya ka sani, ba ka san wasan mota ba. Shi mai, nauyi ne da shi. Kujerar baya na cire, safaya na cire, har kafet na ɓamɓare don ta yi sakayau, sannan ka ce in ɗora mata tanki fal? Kai dai ka kasa, allo zai sauka."

Ya ɗora ƙafa a matakin farko. Tsanin ƙarfe ya yi ƙara ya lanƙwashe, tumbinsa ya tokare mataki na uku, mai walda ya ɗora hannu a ka yana salati.

Ila ya dube shi daga sama har ƙasa, ya goge hannu da tsumma ya ce, "To in nauyi ne ya dame ka, ka bar mata man nata, kai ka sauka daga cikinta."