Farfesa da Kawunan Yara

Duk unguwar da Allah ya ba mutum irin mai kemis ɗin bakin titi, sai ta yi ta godiya. Farfesa ake ce masa. Gaskiya ne bai taɓa zama a ajin likitanci ba, amma ya taɓa yin wata uku yana tura keken marasa lafiya a wani asibiti, kuma a garin makafi ai mai ido ɗaya sarki ne. Kullum yana cikin farar riga, da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, duk da kunne ɗaya ya tsinke tun bara.

Ƙwarewarsa a fata take. Uwa ta kawo yaro da fari-fari a kumatu, sai ya sauke tabarau kan hanci, ya ja dogon tsaki.

"Baiwar Allah, mu masana ba ma ɓoye gaskiya. Ƙazanta ce."

Ƙyasbin da zufa ta kawo, ƙazanta. Tabon ƙurjin da ya warke, ƙazanta. Har jaririn da aka haifa da duhun tabo a gadon baya bai tsira ba. Mata su fito kai a sunkuye, shi kuwa ya gyara zama kamar wanda ya gama tiyata.

Ana saura mako guda jarrabawa, shugabar makarantar unguwar ta kira taron iyaye. Yara maza goma sha biyu sun fito da tabo zagaye-zagaye a ka, gashin wurin ya zube. Ta gayyato ma'aikaciyar jinya daga asibiti, abin da Farfesa ya ɗauka raini ne, tunda ga shi a gari. Don haka ya riga ta miƙewa.

"Jama'a, na yi nazari mai zurfi. Wannan annoba daga gidaje ta fito. A kori yaran nan har sai sun warke, jarrabawa ta jira baɗi. Sannan a karanta sunayen uwayensu, don na baya su ɗauki darasi."

Wata mai ɗinki da ɗanta ke cikinsu ta fara share hawaye da bakin mayafi. Farfesa ya ji daɗi. Magana ta shiga ke nan.

Ma'aikaciyar jinyar ta sa safar hannu, ta bi kawunan yaran ɗaya bayan ɗaya.

"Makero ne," in ji ta. "Yana jin magani, ba sai an kori kowa ba. Yawanci a mataji ko injin aski ake ɗauka. Yara, wa ke muku aski?"

Hannaye goma sha biyu suka nuna wuri guda.

"Shagon Farfesa!"

Watan jiya ne ya buɗe shagon aski a jikin kemis ɗinsa, ya sa ƙaninsa a ciki. Inji ɗaya ne, kuma tun da aka saye shi bai ga ruwan wanki ba.

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Mai ɗinkin nan ta gama share idonta, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, to sunan wa za a fara karantawa?"